Minti Uku Kafin a Kashe Inji

Ku yi mini afuwa tun kafin mu yi nisa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma abin da zan yi magana a kai injin mota ne, ni da ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba. In na kira wani ƙarfe da sunan da ba nasa ba, masu sana'ar su gyara a zuci su wuce. Na rubuta ne don abin ya ƙi sauka daga ƙirjina, kuma ban iya faɗinsa da baki ba.

Sunana Sa'adiya. Mahaifina, Malam Shitu, direba ne. Shekara ashirin da huɗu yana tuƙa Alhaji Maitama, wani mai sayen masara da waken suya a nan Funtua, tun kafin a haife ni. Mafi yawan shekarun nan a cikin wata farar akori-kura suka yi su, mai shan gas, mai ƙaton inji da turbo. Turbo, yadda Baba ya taɓa kwatanta mini, wani dunƙulen ƙarfe ne da 'yar farfela a ciki. Hayaƙin da zai fita ta salansa shi ke juya ta, ita kuma ta cusa wa inji iska don ƙarfinsa ya ƙaru. Da wannan motar suke zuwa Danja da Maska da Malumfashi, Alhaji a gefe da carbinsa, buhuna a baya.

Akwai abu ɗaya da kowa ya san Baba da shi. Da zarar taya ta tsaya, makulli ya juya. Ko Alhaji zai gaisa da wani ne a bakin hanya, ko zai leƙa awo ya dawo, Baba ya kashe inji. Direbobin da ke barin mota tana ƙugi suna hira a tasha, ba ya ganinsu da daraja. A wurinsa wannan sata ce, ko da ba a sa hannu a aljihun kowa ba. Alhaji kuma yana alfahari da hakan. Sau da yawa ya faɗa a gaban mutane cewa Shitu bai taɓa ƙona masa ɗigon mai a tsaye ba, Baba ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Da gas ya yi tsada, bayan Alhaji kuma ya fara ciwo da jijjigar akori-kura, sai babban ɗansa Almustapha, wanda ya karɓi rabin harkar tun da ya gama karatu a Zariya, ya kawo wata ƙaramar mota ruwan toka a farkon damina. Doguwa ce daga ƙasa, kujerunta da taushi, fetur take sha. Ita ma da turbo, amma injinta fistin uku ne kacal.

Ran da aka kawo ta Baba ya dawo gida yana ba Inna labari, ina gefe ina tsince shinkafa. Ya ce da ya ɗaga murfin gaba sai da ya leƙa sau biyu kafin ya ga injin, akuya za ta iya kwanciya a filin da ya rage. Almustapha ya nuna masa lambobi a waya, wai ƙarfin ƙaramar ya kusa kamo na babbar, man da take sha kuwa bai kai rabi ba. Baba ya ce shi ba ya musu da waya, amma babbar tana jan kaya tana numfashi a hankali, wannan kuwa in za ta ja, da ihu za ta ja. Almustapha ya yi dariya ya ce masa zamanin babban ciki ya wuce.

A makonnin farko Baba ya ji kunyar maganarsa. Motar tana tashi kamar an harba ta. Ya ce a hanyar Bakori yakan wuce tirela kafin Alhaji ya ƙarasa salatin da ya fara, allurar mai kuma sai ka rantse an manne ta. Yana faɗi yana kallon ƙasa, kamar wanda aka kama yana yabon abokin hamayya.

A cikin akwatin gaban motar ya tsinci littafinta, mai kauri, da Turanci. Ya kawo mini ya ce, ga shi nan, ke da ko takardar ƙosai ba ki yar da ita sai kin karanta. Lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, littattafan da ke gidan duk na haddace su. Na karanta shi daga bango zuwa bango da ƙamus a gefe. Na san yawan iskar da taya ke so, na san ma'anar kowace fitila a gaban direba. A shafi na ɗari da goma sha biyu na ga wani ɗan akwati da aka zagaye da baƙin layi. Ya ce bayan doguwar tafiya da gudu, ko hawan tudu, ko ɗaukar kaya mai nauyi, kada a kashe inji nan take. A bar shi yana silo, wato yana aiki mota na tsaye, minti biyu zuwa uku, don turbo ya huce.

Na karanta shi sau huɗu, na rufe littafin na zauna.

Don na san yadda tafiyarsu take. Yanzu babu mai son rana ta faɗi masa a hanya. Alhaji kuma ba ya barin kasuwa da wuri, sai la'asar ta yi sanyi yake tuna akwai gida. Daga nan Baba zai take mota tun daga Malumfashi ba sassautawa, ya iso ƙofar gidan Alhaji ana kiran magariba, ya murɗa makulli, ya ce alhamdu lillahi, ya ɗauki buta. Ga shi kuma Almustapha yakan bugo waya ya ce akwai buhu huɗu ko biyar a wurin wane a Danja, a kwantar da kujerun baya a sako su, ba sai an tashi babbar mota ba.

Kwana tara ina juya yadda zan faɗa masa. Wata safiya yana shan koko, idanunsa ja saboda gajiyar jiya, na durƙusa na ce littafin nan ya ce wai in an dawo daga nesa a bar motar ta ɗan yi silo kafin a kashe. Muryata ma ban ji ta sosai ba. Ya saurare ni har na gama, ya ajiye ludayi.

"Wanda ya rubuta littafin, shi ke sayen man?"

Na ce a'a.

"To ki ci gaba da karatunki, Allah ya yi maki albarka. Mota kuma ki bar mani."

Ba da faɗa ya faɗa ba, har ya ɗan yi murmushi. Inna ta kalle ni daga bakin murhu, kallon da ya ce in an girme ka a sana'a da shekara ashirin da huɗu sai ka san inda bakinka zai tsaya. Ban sake tada maganar ba.

Da kaka ta shigo, motar ta fara wani fito kamar buta a kan wuta. Bayan kwana uku ta tusa shuɗin hayaƙi gab da Bakori, ƙarfinta ya zube, da ƙyar ta rarrafo gida. Malam Ummaru bakanike, abokin Baba tun suna samari a tasha, ya ce turbo ya mutu, ya samo wani na hannu ya ɗaura. Baba bai ce ai dama shi ya faɗa ba, amma ya koma cin tuwonsa har ya suɗe kwano, abin da ya daina. Almustapha ya haɗiye takaicinsa.

Mako bakwai turbo na biyun ya yi, shi ma ya mutu. Wannan karon da Alhaji a ciki, sun baro Malumfashi da la'asar sakaliya, a wani wuri da babu gida babu rumfa, inda ba wanda ke son ya tsaya ko fitsari ya kama shi. Sun fi awa guda a bakin kwalta, motoci suna wucewa ba mai rage gudu, kafin akori-kura ta zo ta ja su da igiya. Jinin Alhaji ya hau, ya kwana biyu a kwance.

Almustapha ya ce abokinsa a Kaduna yana da irin motar sak, shekara uku ko tari ba ta yi ba, don haka ba motar ba ce, hannun da ke tuƙa ta ne. Ya ce yana da direban da ya san motocin zamani, a shirye yake. Alhaji da ya tashi ya ce shi ya gaji da jin magana biyu. Jibi da hantsi Ummaru ya kawo ƙarfen da ya mutu kowa ya gani. In laifin mota ne a sayar da ita, Shitu ya ci gaba da tuƙa shi. In laifin hannu ne, Shitu ya ajiye makulli.

Baba ya faɗa mana haka a tsakar gida yana cire takalmi. Shekararsa hamsin da takwas, bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, abin da ya sani shi ne wannan kujerar da mutumin da ke zama a gefenta. Inna ta ci gaba da tankaɗe ba ta ɗago ba. Can ya juyo ya tambaye ni ko littafin ya faɗi iyakar kayan da motar za ta ɗauka. Na ce ya faɗa. Ya tambayi nawa, na gaya masa. Ya yi ta lissafin buhuna da yatsu, sannan fuskarsa ta ɗan saki.

"To jibi ki sa hijabinki ki biyo ni. Ke za ki karanta masu."

Washegari na wuni da littafin a cinya. Na kama shafin nan na ɗari da goma sha biyu da yatsu biyu, na ja shi kaɗan har na ji zaren ya amsa. Ban iya ba. Ban taɓa yaga littafi ba, ko na aro ko nawa. Na ce wa kaina ai ba wanda zai tambaya.

Ranar da aka sa, a ƙofar gidan Alhaji, ƙarƙashin darbejiya, an jera motocin biyu da murfin gabansu a ɗage. Alhaji yana kan tabarma da matashi a bayansa, ya rame. Almustapha yana tsaye da waya a hannu. Malam Ummaru ya zo da wani tsohon kwano, turbon a ciki an raba shi biyu, goro a kuncinsa. Na gaishe su na rakuɓe jikin bango.

Malam Ummaru ya fara da tsokana, ya ce wa Almustapha injiniyan waya ya matso ya ga abin da ba a nunawa a hoto. Almustapha ya ce shi dai a yi magana, goron ya jira. Sai Malam Ummaru ya dafa akori-kura ya ce wannan, da girman injinta, a miƙaƙƙiyar hanya ba ta ma neman taimakon turbonta sai an zo tudu ko an cika ta da kaya, don haka ba ya shan wuta sosai. Ya dafa ƙaramar ya ce wannan kuwa ƙarfin nata duk na turbo ne, daga ƙofar nan har Malumfashi yana aiki bai huta ba, ya taɓa ganin irinsa ya yi ja kamar ƙarfen maƙera. Ya ce ba wai ƙaramar ba ta da kyau ba ne. In ka bi mata sharuɗɗanta za ta ba ka gudu ta kuma bar maka mai.

"Bambancin ɗaya ne, Alhaji. Babbar tana yafiya, ƙaramar ba ta yi."

Ya sa tsinke ya kankaro wani baƙin abu daga cikin ƙarfen, kamar ƙanzon tukunya. Ya ce wannan baƙin mai ne ya soye a hanyarsa ya toshe ta, farfela ta yi ta juyawa a bushe har ta ci kanta. Alhaji ya tambayi abin da ke kawo haka. Ya ce ko mai marar kyau, ko kaya fiye da ƙima, ko kuma, sai ya kalli Baba, ya juya ya tofar da goro, ya ce ko wani abin dai. Almustapha ya ce mai shi yake sayowa da hannunsa, a rufe, kuma ba a taɓa wuce ranar juyen mai ba. Baba ya ce wannan gaskiya ne.

Daga nan Baba ya yafito ni. Na durƙusa a gefen tabarma, na buɗe shafin kaya, na karanta da Turanci sannan na faɗa da Hausa: mutane da kaya gaba ɗaya kada su wuce kilo ɗari huɗu da hamsin. Malam Ummaru ya ce buhun masara biyar kaɗai sun haura haka, ba a sa Alhaji ba, ba a sa Shitu ba, ba a sa carbi ba. Almustapha ya karɓi littafin ya duba da kansa, ya daɗe a kan layin, ya miƙo mini. Alhaji ya kalli ɗansa kallo mai tsawo. Na ji numfashina ya dawo. A raina na ce an gama.

Alhaji ya gyara matashi ya ce, "Ɗiyata, akwai wani abu kuma da ya ce a kan wannan ƙarfen?"

Na ce, "Babu, Alhaji. Shi ke nan."

Ban taɓa yi wa babba ƙarya ido da ido ba sai ranar. Kunnuwana suka ɗau zafi a cikin hijabi.

"Akwai, Alhaji," in ji Baba. Bai kalle ni ba, kwanon yake kallo. "Ta taɓa gaya mani da damina, na kore ta. Sa'adiya, karanta masu wancan, na kashe inji."

Na so in ce na manta shafin, amma littafin da kansa ya buɗe a wurin, saboda jan da na yi masa. Na karanta. Da na zo faɗinsa da Hausa na tsaya a rabi, sai Malam Ummaru ya ƙarasa mini. Ya ce in aka murɗa makulli mai ya daina zagayawa, alhali ƙarfen yana nan da wutarsa, ɗan man da ya rage a ciki sai ya soye. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Babbar ma tana jin hakan, amma tata wutar ba ta kai ba, shi ya sa ta shanye duk shekarun nan.

Alhaji ya tambaye shi ko tun na farko ya gane. Ya ce ya yi zargi. Alhaji ya ce to mi ya hana shi faɗi. Malam Ummaru ya shafa ƙeya ya ce wa zai tsaya ya koya wa Shitu yadda ake kashe mota, shi da ya koya wa rabin tashar nan yadda ake tada ta.

Ba wanda ya yi dariya. Wata babbar mota ta wuce a titi da lodin auduga, muka bi ta da ido.

Almustapha ne ya fara magana, kuma ba da zafin da na zata ba. Ya ce buhunan laifinsa ne, ya ɗauka, ba za a ƙara ba. Amma shi ba zai iya sake jin an ce mahaifinsa yana tsaye a bakin daji da yamma ba. Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya ce in ana rabon laifi shi ma a ba shi nasa, don shi ne ya shekara ashirin yana yaba wa Shitu a kan abin nan a gaban jama'a. Sannan ya juya.

"Shitu, za ka iya zama minti ukun?"

Na roƙi Allah a zuciyata ya ce e. Kalma ɗaya ce. Baba ya juya hannunsa na dama yana dubawa, ciki da baya.

"Zan so in ce zan iya, ranka ya daɗe. Amma hannun ya kan riga ni. Zan tuna yau, in tuna gobe, ran da muka iso a gajiye ana kiran salla ba zan sani ba sai na ji shiru. Kuma kai ne a ciki."

Ya zaro makullin ƙaramar daga aljihun gaba, ya ajiye a bakin tabarma kusa da ƙafar Alhaji. Alhaji ya daɗe bai taɓa shi ba. Daga baya ya tura wa Almustapha da bayan hannu, ya ce direban nasa ya zo ran Asabar. Ya ce Shitu kuma ya koma kan akori-kura, akwai masara a ƙauyukan Maska da ke jiran a kwaso, shi da motar sun san halin juna. Baba ya ce ya gode, Allah ya ƙara girma. Duk wanda ke wurin ya san aikin kwasar masara na masu ƙuruciyar baya ne, hanya ce ta rami da kwazazzabo, kuma babu kowa a kujerar gefe sai igiya da tamfol.

Alhaji ya ce a taimaka masa ya tashi, zai shiga ya kwanta. Baba ne ya riga kowa kama hannunsa, ya raka shi har bakin zaure, ya dawo. Almustapha da Malam Ummaru sun riga sun duƙa a kan kwanon suna musun inda za a samo turbo na uku, Kano ko Kaduna. Baba ya sauke murfin akori-kura a hankali, ya danna shi da tafin hannu biyu, ya tsaya yana duba tayar gaba da ta ɗan sace.

Na so in je in ce masa wani abu, ban san ko haƙuri zan ba shi ko shi zai ba ni ba. Na ajiye littafin a kan kujerar ƙaramar motar ta tagar da ke buɗe, na ja hijabina, na bi jikin bango na shige lungun masu gyaran babur tun kafin wani ya ɗago.